Babbar Sista, Wadda Ta Koya Mini Saurare

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa Babbar Sista, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinmu, rasuwa bayan jinyar wata uku. Ina wanke hannu zan shiga tiyata aka zo aka faɗa mini. Na daɗe tsaye, ruwa na zuba.

Yaya, mutane da yawa za su yi rubutu a kanki, kuma duk masoyanki ne tun farko. Ni ba haka na fara ba. Ni ne likitan da ya yi miki dariya.

Shekara tara ke nan da kika fara yawo ɗaki-ɗaki da takardun tambayoyi, kina raba wa nas-nas. Shin ana sauraronku? In kun ga matsala, kuna iya faɗa wa likita ba fargaba? Kina so ki gano ko yadda shugabanni ke riƙe ma'aikata yana shafar lafiyar waɗanda ke kwance. A gaban jama'a na kira aikin naki binciken tsegumi. Murmushi kawai kika yi, kika ci gaba da rabon takardunki.

Wata takwas kina tattarawa a ɗakuna shida, kina gwada amsoshin da abin da ke rubuce a fayil: ɗinkin da ya ruɓe, mara lafiyar da ya faɗo daga gado, gyambon da doguwar kwanciya ta jawo. Ɗakina, na tiyatar maza, shi ya zo ƙarshe. Nan ne nas-nas suka fi tsoro, nan ne kuma ciwo ya fi ruɓewa.

Da kin so, sai ki kai sakamakon taron shugabanni ki kunyata ni. Ofishina kika zo, kika tura ƙofa, kika ajiye mini takarda ɗaya marar suna. An rubuta: "Tun Litinin na ji ciwon yana wari, amma na ji tsoron ya daka mini tsawa a gaban mara lafiya." Nan take na gane wanda ake nufi. Wani tela ne, wanda muka yanke wa ƙafa ranar Juma'ar wancan makon, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita.

Raina a ɓace na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Kika ce, "Likita, na san ka iya yanka, amma ko harshena za ka yanke ba za ka ji suna ba. Ba ita na kawo maka ba. Kai na kawo maka."

Kwana uku ban gaishe ki ba. A na huɗu na same ki na ce me zan yi. Abu ɗaya kika nema: in mun fito zagayen safe, nas ɗin da ke kula da mara lafiya ta fara magana, ni in yi shiru sai ta gama. Mako guda kina tsayawa bakin ƙofa, hannuwa a baya, in na buɗe baki kafin lokaci sai ki yi gyaran murya. Kafin shekara ta zagayo, ruɓewar ɗinki ta ragu a ɗakina har sauran likitoci suna tambayata wane sabon magani na samo. Wata rana kuma wata sabuwar nas ta dakatar da ni saboda jinin da aka kawo ba na wanda ke kan teburin tiyata ba ne. Mutumin yana raye har yau, da jikokinsa.

Ba ni kaɗai kika gyara ba. Ke kika share tsohon ɗakin ajiya kika sa kujeru da buta, don ma'aikata su sami inda za su miƙe ƙafa su sha shayi. Ke kika sa masu shara suka fara zama a taronmu na wata. Mai goyo ba ta taɓa roƙonki sauyin aiki sau biyu ba. Amma in kika ga an bar mara lafiya cikin jiƙaƙƙen zanin gado, ranar kowa zai san akwai ki.

Da ciwo ya kwantar da ke a ɗakin mata, sai da aka tsara wa nas-nas layi, don kowacce so take ita ce za ta juya ki. Ranar da na zo dubiya ta ƙarshe, kina numfashi da ƙyar, kika damƙa wa mataimakiyarki ragowar binciken da ba ki kammala ba, sannan kika dube ni kika ce, "Ƙanena, ka rame. Kana cin abinci kuwa?"

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda shekara talatin yana ajiye ki a ƙofar asibiti kowace safiya, da 'ya'yanki huɗu, da Inna, wadda ta ga tafiyar 'yar farinta. Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Haka ma ɗaruruwan ma'aikatan jinya da suka tashi a hannunki.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe kurakuranki, ya yalwata makwancinki ya haskaka shi. Duk jikin da ya warke ta dalilinki, Allah ya sa a mizaninki. Yadda kika rufa mini asiri a duniya, Allah ya rufa miki naki ranar tsayuwa. Amin.