Zoben da Ya Ƙi Fita

Duk ɗalibin da ya yi karatu a Samaru da aljihu marar nauyi ya san Maman Sarah. Sunanta Rhoda, amma rabon da a kira ta haka har ita ta manta. Rumfar abinci gare ta a bayan tasha, shinkafa da miya, tuwon masara, ran Asabar faten acca. Ba ta taɓa sauke tukunya ba ta ɗanɗana ba, kuma ɗanɗanon Maman Sarah a faranti ake yin sa, a zaune.

Wani abin da aka san ta da shi, jikinta ba ya shiri da ƙarfe. Tana jaririya a Zonkwa aka huda mata kunne aka sa 'yan kunne, kunnen ya kumbura ya yi ruwa, uwarta ta cire ta soka tsinken tsintsiya don kada hujin ya toshe. Yau shekarunta sun haura hamsin, tsinken yana nan, sai dai a sauya sabo idan za a je biki. Agogo, sarƙa, zif ɗin siket, maɓallin rigar mama, duk wanda ya kwana a fatarta sai ya bar mata ƙuraje. Makullin rumfa ma a ƙyalle take ɗaure shi.

Ƙarfe ɗaya ne aka sani ta zauna da shi lafiya, zoben aurenta. Mijinta Malam Othniel, tsohon malamin firamare kuma dattijon coci, kekensa ya sayar ya sayo zoben a Kaduna, ya koma zuwa makaranta da ƙafa. Wannan labari babu wanda bai haddace shi ba, don shi ake ba wa lasifika a kowane biki ya yi wa amarya da ango gargaɗi. Sai ya gyara tabarau ya nuna matarsa a layin gaba.

"Kun ga wannan baiwar Allah? Ko allura ta taɓa ta sai an nemi magani. Amma ku dubi hannunta. Gwal na gaskiya ba ya cuta. Ku nemi na gaskiya, 'ya'yana."

Maman Sarah ta ɗaga hannu, a tafa, ta sauke.

To ga abin da Malam bai sani ba. Tun makon farko zoben yake cin ta. Ta ga mutum yana dawowa daga makaranta da ƙura har gwiwa saboda ita, bakinta ya kasa buɗuwa. Sai ta samo dabara, tana shafa jan farce a cikin zoben ta bari ya bushe, ƙarfen bai taɓa fata ba. Haka aka yi ta tafiya har jiki ya ƙaru, yatsa ya cika, wata rana zoben ya ce shi ya zo ke nan. Sabulu bai fid da shi ba, man gyaɗa bai fid da shi ba, zare ma haka. Jan farcen ya goge, ƙaiƙayi ya dawo da kayansa. Idan Malam ya ga yatsan ya yi ja, ta ce attaruhu ne. Mai sayar da abinci ba ta rasa attaruhun da za ta ɗora wa laifi.

Ƙibar kuwa ba ta tsaya a yatsa ba. Gwiwoyi suka fara ƙara, suga ya hau, hawan jini ya biyo shi. Ta koma girki a zaune, masu Keke Napep suka koyi kallon wani gefen idan ta ɗaga hannu. Ta sha ganye, ta sha shayin rage tumbi, ta bar tuwon dare ta koma masa. 'Yarsu Sarah, wadda take aikin jinya a Abuja, ita ta haɗa su da wani likita mai zuwa Zariya lokaci-lokaci. Likitan ya zana musu ciki a takarda, ya ja layi, ya ce za a yanke nan a rage shi, a ɗinke da wasu 'yan ƙananan ƙarafa da za su zauna a ciki har abada.

"Har abada?" in ji Maman Sarah.

"Har abada, Mama. Taitaniyom ne, da wuya ya dami mutum. Amma akwai ƙarfen da yake ba ki matsala?"

"Duka," in ji Malam Othniel, kafin ta yi numfashi. "Ban da gwal. Nuna masa, Maman Sarah."

Ta ɗaga hannun daga nesa ta sauke. Likita ya ce za a tura ta gwajin fata, a manna mata ƙarafa iri-iri a baya a ga wanda jiki zai ƙi.

Ita dai ta fito da nata lissafin, kuma tsoro ne zalla. Idan zoben nan gwal ne, sarkin ƙarafa, kuma jikinta ya ƙi shi, to wane taitaniyom ne zai shiga cikinta a zauna lafiya? Yatsa ana sosa shi da tsinke. Hanji fa, da me za a sosa? Ta yanke cewa in gwal ne, babu likitan da zai taɓa ta, ko da gwiwoyin za su ajiye ta gaba ɗaya. In kuma ba gwal ba ne, ga hanya ta buɗe, sai dai ta kan Malam za ta bi, don dole ya ji gaskiyar zobensa.

Wata ran Talata ta bar wa yara rumfa, ta ce za ta Sabon Gari sayen manja. Ta wuce layin manja ta shiga lungun maƙera, wajen Baba Oluwole, tsohon Bayarabe mai gyaran sarƙa da zobe, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya juya yatsan, ya leƙa ƙarƙashin zoben, ya ja tsaki.

"Haba Madam! Wannan ai ba ado ba ne, ɗauri ne. Sai an yanka."

"Ba za ka iya gwada shi a hannun ba?"

"Asid nake ɗigawa. Kina son yatsan ko ba kya so?"

Ta kau da kai, ya zura ɗan almakashinsa, ƙas. Aure na shekara talatin da wani abu, ƙarar ba ta fi ta yanke farce ba. Ya goga zoben a baƙin dutse, ya ɗiga asid, layin da zoben ya bari ya yi kumfa ya ɓace. Baba Oluwole ya cire tabarau, ya shirya fuskar ta'aziyya.

"Madam, ki yi haƙuri. Tagulla ce da farin ƙarfe, an yi mata wankan gwal. Wankan ma ya daɗe da fita."

"Ka tabbata?"

"Ko jikana ya sani."

"Na gode wa Yesu!" in ji Maman Sarah, har da ɗaga hannu biyu.

Baba Oluwole ya ce mata da yawa sun ji wannan labari a kan bencin nan, wasu sun yi kuka, ɗaya ta tafi neman lauya, amma bai taɓa ganin wadda ta yi godiya ba. Ya ce zai iya liƙe shi ya koma kamar ba a taɓa ba, maigida ba zai gane ba. Ta daɗe tana kallon zoben a tafin hannunsa, har ta buɗe baki za ta ce to. Sai ta tuna akwai gwaji a gaba, akwai tambayoyin likita, kuma Malam zai zauna kusa da ita yana amsawa. Ta ce a naɗe mata shi a takarda haka nan.

Murnar ba ta kai Kwangila ba ta ƙare. Daga nan har Samaru tausayin mutumin ne ya cika ta.

Ta same shi a tsakar gida yana goge takalmi, akwai biki ran Asabar. Ta zauna a benci, bencin ya yi ƙorafinsa, ta buɗe takardar ta ajiye a gabansa.

"Baban Sarah, na kai an yanke. Maƙeri ya ce ba gwal ba ne."

Ya ɗauka ya duba bakin yankan, ya ɗaga shi sama ya duba da hasken rana.

"Wane maƙeri? Mutanen Sabon Gari ai..."

Bai ƙarasa ba, don ta miƙa masa hannun. Inda zoben ya zauna fatar ta zama fara, ta saɓule, gefe-gefe ta yi baƙi ta yi kauri, tsakiya tana ɗan tsattsafo da ruwa. Malam ya ajiye burushi. Ya riƙe yatsan kamar yadda yake riƙe hannun 'yan aji ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Tun makon bikinmu."

"Kika ce attaruhu."

"Na ce."

"Kuma kika bar ni ina ta zuba a gaban jama'a, kina ɗaga hannu."

"Kana jin daɗinsa, Baban Sarah. Kuma keken ai na gaskiya ne."

Kunya ta kama shi, sannan wani abu da ya fi kunya ciwo, har sai da ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya tashi ya shiga ɗaki, ta ji yana buɗe durowa yana rufewa, ya fito da kwalbar man shafawa. Ya durƙusa a gabanta da nasa tsofaffin gwiwoyin, ya laƙato man yana shafa mata a hankali.

"Idan mun koma wajen likitan nan," in ji shi, bai ɗago ba, "duk abin da ya tambaya, ke za ki amsa."