Ɓangaren Uwar Yara

A shagon gyaran kwamfuta nake kallonsa, ina jiran a gama tawa. Dogo ne, furfura ta ci rabin gemunsa. Maɓallin wuyan rigarsa da jan zare aka maƙala shi, ɗinkin namiji.

Mai gyara yana nuna masa allon tsohuwar kwamfutarsa. "Baba, rumbun ajiyar nan gida biyu aka raba shi. Ɓangaren C ya cika maƙil, shi ya sa take nauyi. D kuwa kusan wayam yake. In goge shi in haɗe su?"

Dattijon ya kife tafinsa a kan madannai.

"Uwar yara ce ta raba, Allah ya jiƙanta. Ta ce nan nawa, nan nata."

"To me ke ciki?"

"Ban taɓa buɗewa ba. Ai ba a shiga ɗakin mutum ba sallama."

Ga shi nan zaune, yana goge hotunansa ɗaya bayan ɗaya don ya sami wuri. Ina zaton a gida ma haka yake kwanciya, a takure a bakin gado, gefenta a shimfiɗe.