Hashimu Tela da Ɓarawon Cikin Gilashi

Rigimar Inna Nagode da Hashimu tela ta fara ne ranar da ya tsaya a bakin zaurenta, gaban matan da ke sayen daddawa, ya tambaye ta ko miyarta ta jiya ta yi daɗi.

"Mi ya haɗa ka da miyata?" in ji ta.

"Inna, jatan landena sun ragu. Ke kaɗai na bar wa mabuɗin shagona."

Hashimu ɗan masunta ne daga Maradun, gidansu kaf a ruwan Bakolori suke ci. Shi kaɗai ya fito da tsoron ruwa, ko kwalekwale ya hango sai ya ja da baya. Uban ya gaji, ya kawo shi Mafara koyon ɗinki. Amma jini bai bar shi ba. Wata rana ya tafi Kano sayen zare, ya dawo da akwatin gilashi, da wasu kifaye masu faɗi kamar faifai, da 'yan jajayen jatan lande da aka ce su za su riƙa share dattin ruwan. Kifin da ba a ci, ba a sayarwa, ruwansa ma sai an ɗumama da sola! Shi kuwa mai kifin da ruwan randa yake wanka.

Laifin Nagode ɗaya ne. Ranar da ta fara ganinsu ta ce jajayen nan, in an shanya an daka, miyar kuka ta dace. Da ya tafi biki Birnin Tudu ya bar mata ciyarwa, ya dawo ya tarar rabi babu.

Magana ta zaga unguwa. Mata suka fara sansana daddawarta suna ƙifta wa juna ido. Tsohuwar da ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba, yau ga ta ɓarauniyar ƙwari.

Ba ta tsaya rantsuwa ba. Ta naɗe tabarma, ta ɗauki goronta, ta shiga shagon ta zauna gaban gilashin. Ta ce ba ta tashi, shi ma ba ya taka keke, sai ɓarawo ya bayyana. Can bayan azahar, wani babban shuɗin kifi da Hashimu ke kira Alhaji ya taho a natse, ya tsaya kan wani ɗan ja, ya buɗe ɗan bakinsa. Ɗan ja ya ɓace.

"Ka gani, ɗan nan?"

"Inna, wasa suke yi."

"To ina abokin wasan?"

Ta tasa shi gaba har zaurenta, ta aika aka kira matan nan duka, ya wanke ta da bakinsa yana sosa ƙeya. Daga baya ya zuba fasasshen kasko da ciyawar ruwa a gilashin, sauran suka samu maɓuya har suka hayayyafa. Mabuɗi kam ko ya miƙo ba ta ƙara karɓa ba.

Bara ya koma Gusau da zama. Kekensa a bayan mota, gilashin a kan cinyarsa, ruwa na fantsama masa yana salati. Nagode ta leƙa ta taga, ta buɗe tafukanta biyu.

"Direba, kai ka shaida, ga ni tsaye Mafara, hannuna babu komi. In sun ragu kahin Gusau, a tambayi Alhaji."