Mang Delfin da Karen Matarsa

Shekara talatin da takwas Mang Delfin ya yi yana aski a bakin kasuwar garinmu Malabon, kuma duk unguwarmu an san shi da shiru-shiru. Sai da 'yarsa ta aiko wa uwarta kare daga birnin Cebu, inda take aure, muka gane yana da baki.

Ɗan ƙaramin kare ne fari, gashinsa har ƙasa. Aling Nening, matar Delfin, ta raɗa masa suna Bunso, wato auta. Kullum da safe sai ta ɗora shi a cinya tana taje shi tana masa hira, mijin na gefe da kofinsa da ya huce.

"Tunda muka yi aure ba ki taɓa tambayata ko na tashi lafiya ba," in ji shi wata rana a gabana. "Amma wannan tsumman kullum sai an gaishe shi."

"Kai ma ka tsiro da gashi, tsoho, sai in taje ka."

Delfin mai sanƙo ne. Muka yi dariya, shi bai yi ba.

A watan Maris 'yar ta haihu, Nening ta tafi Cebu kula da mai jego. Ta bar masa matsefi da dogon gargaɗi. Abinci dai yana ba karen, amma matsefin ya jefa shi a durowa. In ta kira a waya, maganarta ta farko ita ce a nuna mata Bunso, shi kuma ya ce yana barci.

Da zafin Afrilu ya kankama, gashin Bunso ya cukurkuɗe, ya dunƙule a hammata da bayan kunne. Karen ya daina cin abinci, ya wuni yana haki a gindin tankin ruwa. Wata Lahadi na leƙa gidan na gan shi.

"Aboki, kai shi wurin Rodel mai gyaran karnuka kafin ya mutu a hannunka," na ce.

"Rodel ɗin da Nening take yabon hannunsa? Tun ba a haife shi ba nake riƙe da almakashi."

Ya ɗora Bunso a teburin tsakar gida, ya ce in riƙe masa kai. Bai jiƙa shi ba, domin ruwa ƙara ɗaure ƙullin yake yi. Garin sitaci ya barbaɗa, yana warwarewa da yatsa. Inda ya ƙi warwaruwa sai ya zura matsefi tsakanin fata da ƙullin, ya yanka ta sama. Karen ya gantsara masa cizo a babban yatsa, shi kuma ya zage shi tas. Amma da ya buɗe bayan kunnen hagu ya ga gyambo da kaska uku sun ƙoshi da jini, sai zagin ya tsaya. Ya wanke wurin ya shafa magani. Ya rage gashin, amma bai kai fata ba, don kada rana ta ƙona shi. Tun hantsi muke abu ɗaya har yamma.

Nening ta dawo a ƙarshen Mayu. Ta wuce mijin a bakin ƙofa, ta sunkuci karen tana jujjuya shi.

"Rodel dai ya iya aiki," ta ce.

Delfin ya ɗauki hularsa ya tafi shagon askinsa. Ni na gaya mata wanda ya yi askin. Ta bi shi can da kare a kafaɗa, ni ma ina biye, ta tarar yana sake share wurin da ya riga ya share.

"Ashe kai ne. Da kyau. Sai dai bayan kunnen hagu ya fi na dama gajarta."

"Dole, nan gyambon yake."

"Wane gyambo?"

Delfin ya dube ni, ni kuwa na tuna ina da aiki a gida. Kwana huɗu ba ta yi masa magana ba. Daga nan shi ke gyaran Bunso duk wata, kuma har yau in Nening ta ambaci Rodel sai ya tashi ya bar mata ɗakin.