Kajina da Markar Agusta

Ban fara kiwon kaji da wani dogon shiri ba. Wata rana ce ina dawowa daga makarantar firamaren da nake koyarwa a Gusau, na ga wani dattijo mutumin Ruwan Bore a bakin titi da kwandon kaji a bayan kekensa. Na tsaya taya guda ɗaya ta miyar Juma'a, sai na koma gida da uku, kuma babu wadda aka yanka a cikinsu. Kafin shekara ta zagayo sun haura ashirin, har da wani jan zakara mai ji da kansa wanda ke tashin unguwa tun kafin ladan.

Maigidana ma'aikacin ofis ne, Malam nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malama. Da ya ga kajin sun gama da alayyafo da yakuwar da na shuka, sai ya sa aka gina musu akurki a lungun bayan ɗakin girki, aka kewaye ɗan fili a gabansa da raga don su riƙa wuni a ciki. Duk rani wurin nan tsaf yake. Da safe in share, in watsa musu tsaki da dusa, in tattara ƙwai masu ɗumi a gefen zanena. Ni kaɗai na san irin daɗin da nake ji.

Sai Agusta ta zo da marka. Muna hutun makaranta, ina gida, komai a kan idona ya faru. Ba irin ruwan nan ba ne mai zuwa da iska da tsawa ya zuba ya wuce. Wannan a hankali yake sauka, ya ɗan tsagaita har ka ɗauko wanki, sai ya dawo. Kwana huɗu ba mu ga rana ba. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, filin kajina kuwa ya koma taɓo. Idan na shiga, silifas ɗina a ciki yake zama. Kajin suna ɗaga ƙafa da ƙyar, kowace da dunƙulen laka a yatsunta, ƙwai duk ya ɓaci, ga wani wari da ke biyo mu har falo. Biyu daga ciki suka fara atishawa, suka takure a gefe suna lumshe ido.

Babu abin da ban gwada ba. Na shimfiɗa kwalaye, suka jiƙe suka narke. Na shimfiɗa tsofaffin buhuna, laka ta haɗiye su. Na ɗaura tamfol a saman ragar, ruwa ya taru a tsakiyarsa ya yi tumbi, da na sa muciya na tokare shi daga ƙasa don ya zube, sai igiyar ta tsinke, ruwan gaba ɗaya ya juye a kaina. Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki, ya yi iya ƙoƙarinsa kada ya yi dariya, bai iya ba.

A rana ta biyar Goggo ta iso. Ƙanwar mahaifina ce, a 'Yandoto take zaune, ta zo asibiti a duba mata ido da niyyar kwana biyu ta koma. Ko mayafinta ba ta gama cirewa ba ta ɗaga hanci.

"Ke ɗiyata, mi ke wari haka gidan ga?"

Na kai ta bayan ɗakin girki ina ba ta labarin kwali da tamfol. Ta ɗauki buhu guda, ta tura kusurwarsa ciki ta kifa a kanta, ta fita tsakar gida cikin ruwan. Na ce, "Goggo, sanyi zai kama ki." Ta ɗaga mini hannu. Ta tsinko ganyen dalbejiya cike da tafinta, ta je bakin ƙofar falo ta saki kaɗan a kan ruwan da ke gudu, ta je gindin rijiya ta saki, ta je wajen zaure ta saki. Muka tsaya muna kallo. Wallahi kamar an kira su, ganyen nan duka suka bi tsakar gida suka lanƙwasa ta gefen ɗakin girki, suka shige ƙarƙashin raga suka tsaya a gaban akurki.

"Kin gani?" in ji ta. "Ke kina ta faɗa da na bisa, alhali ruwan gidanku duka nan shika taruwa. Wurin ga rami ne."

Da Malam ya dawo daga aiki ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta bari ya miƙe ba ta tambaye shi ko an taɓa ɗibar ƙasa a lungun nan. Ya sosa ƙeya. Ya ce lokacin da ake ginin ɗakin girki, daga nan magina suka haƙi ƙasar da aka cike daɓensa, shi ma ya manta. Ya ce gobe in Allah ya kai mu zai nemo leburori.

"Malam, kajin da ke tsaye cikin ruwa yau kwana biyar za ka ce ma su jira gobe? Ɗiyata, miƙo man fartanya."

Ta fa karɓa, ta duƙa ta kai sara ɗaya, biyu. Malam ya zabura kamar an tsikare shi. "Haba Goggo, ina tsaye? Kawo, don Allah kawo." Ya tuɓe rigarsa ta ofis ya rataye a ƙofa, ya naɗe ƙafar wando. Tun da na aure shi ban taɓa ganin fartanya a hannunsa ba, ashe ɗan manoman Rawayya bai manta ba. Goggo na gaba tana ja masa layi da sanda, yana binta yana haƙa, ni ina kwashe ƙasar da shebur ina tarawa a gindin raga ta zama ɗan tudu. Muka zagaye filin kajin da lambatu mai zurfin kamu ɗaya, muka karkata shi ya nufi rariyar da ke jikin katanga.

Ruwa ya biyo lambatun da gudu, ya zo bakin rariya ya tsaya cak. Na durƙusa na leƙa, ashe a toshe take. Na samo guntun rodi na dinga zungura, ina jawo ledoji da tsumma, har da wani cokalina da ya ɓata tun bara. Can sai na ji wani gurrr, abin ya ɓalle gaba ɗaya. Ruwan kwana biyar ya yi waje yana kumfa, muna kallon tabkin da ke gaban akurki yana ja da baya, har kan duwatsun da ke ƙasa suka fara bayyana. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. "Yana tafiya! Malam, zo ka gani, wallahi yana tafiya!" Goggo ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko haihuwa aka yi.

Washegari Asabar ce. Ruwa ya janye, amma laka na nan. Goggo ta sa muka kankare ta sama muka fitar, muka barbaɗa toka, sannan muka kwaso ragowar burji da yashin da suka saura tun ginin gidan muka cike ramin har ya ɗara tsakar gida tudu. Muka daddaɓe da ƙafa da gindin turmi. Ta dube shi ta ce saura abin da za su taka wanda ba ya riƙe ruwa, kuma ba ta san abin da ya kai ɓuntun shinkafa ba. Malam ya tuna da wani abokinsa na makaranta mai injin casar shinkafa a Bungudu.

Da hantsi muka kama hanya ni da Malam a motarsa, ana ɗan yayyafi. Na daɗe ban fita gari da damina ba. Gero ya fi mutum tsawo, masara ta yi goyo, gulbi ya cika ya yi jawur yana tafe da rassan itace. Na sauke gilashi iska na dukana, ina ta nuna wa Malam abubuwa kamar yarinyar da aka kai yawon sallah. Abokin nasa da ya ji abin da ya kawo mu, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Daga Gusau kuka taso saboda ɓuntu? Hajiya, ni da nake neman wanda zai raba ni da shi! Ku kwashe duka in motarku za ta ɗauka."

Tulin da ke waje ya jiƙe sharkaf, amma a cikin rumfar injin akwai busasshe har kusan rufi. Muka dinga ɗurawa a buhu. Ba wanda ya gaya mini ƙaiƙayinsa, sai da ya shiga wuyana da hannun rigata na sani. Muka cika but ɗin motar, muka cika kujerar baya, buhu na ƙarshe a cinyata ya zauna. Haka muka dawo muna susa muna dariya, Malam da ɓuntu har a gemu.

Muka zazzage shi a filin, kaurinsa ya kai idon sawu, na buɗe ƙofar akurki. Da farko ba wadda ta fito. Sai jan zakara ya sako ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya karkata kai ya duba, ya sako ta biyu. Ya yi tono sau biyu ya kira matansa. Kafin ka ce me, sun cika wurin, suna tono, suna watsa ɓuntu sama, wasu sun kwanta a gefe guda suna birgima suna baza fiffike. Kwana shida rabon da in ga sun yi haka.

Da la'asar hadari ya sake haɗowa, ruwa ya sauko da ƙarfi. Maimakon mu shige ɗaki, sai muka jawo kujeru bakin ɗakin girki mu uku, da dafaffiyar masara a faranti, muna kallo. Ruwan tsakar gida ya taho yadda ya saba, ya iso bakin lambatu ya faɗa, ya zagaye kajina ya fice ta rariya. Duk sanda wani ganye ya bi ta wurin sai Malam ya nuna shi da totuwar masara ya ce, "Wuce, ba nan ba ne masaukinka."

Sauran gyaran a hankali muka yi shi. Malam ya sa kafinta ya ƙara fallen kwano uku a gaban akurkin, ya rufe fiye da rabin filin, aka sa indararo ya riƙa zuba a randa. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta tsaya ta ƙare wa aikin kallo, ta ce su a ruga idan wuri ya jiƙe matsawa gaba kawai suke yi, amma tun da mu katanga ta tsare mu, in yi wa kajin abin hawa. Zuwanta na gaba sai ga ta da sanduna a kan ƙwaryarta, muka ɗaɗɗaura su kamar gadon kara. Ita ce kuma ta lura cewa kaskon ruwan shansu na jiƙa wurin fiye da feshin sama, muka mayar da shi bakin raga a kan duwatsu, abin da ya zube ya gangara lambatu.

Kaji biyun nan masu mura na ware su a kwando kusa da murhu, na sayo musu magani a shagon magungunan dabbobi. Ɗaya ta warware har ta koma yin ƙwai, ɗayar ta mutu a kwana na uku. Na ji zafinta, don tana cikin ukun farko. Bayan ita ban sake rasa ko ɗaya ba har damina ta fita. Kowace safiya nakan juya ɓuntun da manjagara, inda ya yi danshi in kwashe in zuba a gindin alayyafo, in ƙara sabo. Matan unguwa suka fara sallama suna cewa sun zo ganin ɗakin kajin Malama, ni kuwa ba na gajiya da zagayawa da su ina bayani, kamar ina gaban allo.

Goggo da ta zo kwana biyu sai da ta yi goma sha ɗaya. Ranar komawarta muka ce mu za mu kai ta har gida. Muka fita da sassafe don mu juyo da rana tsaka, kamar yadda kowa ke yi a hanyar Tsafe yanzu saboda rashin tsaro. Duk tsawon hanya ina ɗokin ganin nata akurkin, ina cewa a raina wanda ya koya wa wani, nasa sai an gani.

Muna shiga gidan na zarce bayan ɗakinta. Akurkin na nan, na laka ne mai hular ciyawa, gefensa ɗaya ya zube, ruwa kwance a gabansa har da kwaɗi. Babu kaza ko ɗaya.

"Goggo, ina kajin?"

Ta tura ƙofar ɗakin girkinta. Ga su nan reras, wasu a kan itacen wuta, wasu a kan buhun gero, ɗaya ta yi zamanta a cikin ƙwaryar tankaɗe. Matar ɗanta ta ce tun farkon damina a nan suke kwana.

Na riƙe baki. "Goggo! Duk wahalar da kika ba mu?"

Ko a jikinta. Ta gyara zaman sabon tabaraunta ta ce, "Ni na san yadda a ka yi, mai haƙa ne ban da shi. Ɗana na gona tun asuba, ni kuwa ƙugu ya ƙi."

Malam ya dubi agogonsa, ya dubi sama, ya ce akwai sauran lokaci kafin azahar. Matar ɗan ta shiga ɗaki ta fito da fartanya biyu, ni ma na ɗaura ɗankwalina a ƙugu na karɓi ɗaya.