Kabar Giwa a Rumbun Baba

Wata safiya cikin watan Agusta na 1982, bayan an kwana ana ruwa, katangar bayan ɗakin Kaka ta zube a gidanmu na Galma. Kowa ya ruga duba awaki, ita kuwa Kaka ta durƙusa cikin laka tana tono da hannu. Kabar giwarta take nema, wani tsiro mai kaurin ganye da ƙaya a gefe, wanda in an karya sai ruwa mai yauƙi da ɗacin tsiya ya fito. Da shi ake shafa wa ƙuna, da shi mata ke yaye. Daga duwatsun Keita ta zo da ita lokacin aurenta, ita ma a hannun uwarta ta karɓa. Katanga ta murƙushe uwar tsiron gaba ɗaya. 'Ya guda ta tsira, ba ta fi yatsana tsawo ba, kuma in ta mutu iri ya ƙare a gidanmu ke nan.

Mu jikoki muka kewaye Kaka, kowa na miƙa hannu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Dije za ni ba. Wagga ba hatsi ba ta, marowaci taka so." Gida ya ɗauki dariya, ni kuwa ko a jikina, don gaskiya ce: in ina cin goruba ko ƙuda ba ya samun rabo. Kaka ta san abin da take yi. Ta sha raba wa maƙwabta 'ya'yan tsiron, ba wadda ta shekara. Mutumin da ya tashi yana duban gabas yana roƙon hadari ba ya iya ganin tsiro ya hana shi ruwa. Safe su zuba, yamma su zuba, har gindi ya ruɓe, sannan su ce hannun Kaka ne ke da asiri.

Na samo tsohon kasko na huda masa gindi, na shimfiɗa tsakuwa, na cika da yashin ƙorama da ɗan busasshen taki. Na ajiye shi gindin rumbu, inda hantsi ke taɓawa amma zafin azahar ba ya kaiwa. Kafin in ba ta ruwa sai na tura yatsa cikin yashin, in na ji ko alamar danshi sai in juya da ludayina. A lakwal, wato makarantar boko, malaminmu mushe yana sa mu jido ruwa mu shayar da dogon yaro har wuya ya ƙage, a gida ga surfe ga daka ga zaryar rijiya, ita kuwa tawa ba ta taɓa tambayata komai ba. A gabanta muke carafke da ƙawayena, ina wasa ina gadi. Ƙanena Iliya ya taɓa latsa ganye ya lasa don ya ba ni haushi, ya wuni yana tofar da yawu, tun daga ranar ko inuwar kaskon ba ya bi.

Sai damanar 1984 ta zo. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone, hatsin da ya kai gwiwa ya tsaya nan ya bushe. Rumbun Baba, wanda sai da tsani ake leƙa bakinsa, ya zama in ka yi magana ciki muryarka ta dawo maka. Baba ya ce za mu tafi kudu wurin ƙanensa a wajen Gaya, kuma ban da tabarma da tukunya da tufafi ba abin da zai hau kamiyo, babbar motar da za ta kwashe mu. Na fito rungume da kaskona. Ya ce, "Mutane ba su samu wurin zama ba, sai ciyawa?" Na yi kuka har da majina, don na san in na bar ta a fili rana da jakai za su gama da ita. Kaka ta ja ni gefe ta ce, "Tumɓuke ta, ki kakkaɓe ƙasar, ki rataye ta cikin rumbu. In taj ji babu ƙasa, kwana taka yi." Na ɗauka rarrashi ne kawai, amma na yi. Na ɗaure ta da igiyar kaba a sandar da ke gicciye a bakin rumbun, na mayar da murfi. Ita kaɗai aka zuba a rumbun Baba a wannan shekara.

Mun daɗe a kudu. Cikin sanyi Kaka ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba, aka rufe ta a garin da ba wanda ya san sunan uwarta. Da ruwan fari ya sauka muka dawo Galma, muka tarar gara ta cinye ƙofofi. Ko ruwa ban sha ba na jingina tsani. Abin da na ciro ya yamushe ya yi ja kamar busasshiyar kuɓewa, Inna ta ce in jefar in huta. Na buɗa ganyen a hankali da farce, sai ga tsakiya kore shar, ƙarama kamar ƙwayar wake. Na dasa, na danne zuciyata na bar ta ta kama ƙasa kafin ta ga ludayi. Lokacin girbi bai yi ba sai da ganyenta suka cika, har ta fito da 'ya'ya a gefe.

A cikin wannan girbin wata mata ta shigo da gudu, kunu ya zube wa ɗanta a hannu, tana tambayar wa zai ba ta ganye tunda tsohuwa ba ta nan. Baba ya miƙe ya ce, "Ba ni ad da ita ba, ga mai ita nan." Shi ya miƙo mini wuƙa, shi ya riƙe hannun yaron, ni na yanka na shafa. Ina da shekara goma sha biyu, kuma har yau ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan rana ba.

Yanzu a Tahoua ina ganin kabar giwa a bakin titi cikin tukwanen roba, da sunan Faransanci, mutane na saya don ado. Wadda ke kan tagata jikar waccan ce, kuma duk wanda ya zo yana yaba ta. Sai dai wadda nake so in nuna wa ba ta taɓa sanin maganarta ta tabbata ba. Tsiron ya jira mu, mu ne ba mu dawo duka ba.