Mai Hoto a Gonar Alkamarmu

Wata Asabar ce a watan Afrilun 1978, ina da shekara tara, na ɗauko wa Baba kwanon tuwo daga gidanmu na unguwar Ali Kazaure zuwa gonarsa da ke bayan gari, a bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. Alkama ta nuna jawur, Baba da yayyena biyu suna ta yanka da lauje, ni kuma da na sauke kwano aikina in jera dammuna in kaɗa gwangwani saboda tsuntsaye. Muna cikin haka sai ga wani mutum a kan babur, ya sauka ya kafa wani abu mai ƙafa uku, ya ɗora kyamara a kai, ya shiga leƙen gonarmu.

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta ɓaci haka ba. Tsohon leburan kuza ne, ya sha ba mu labarin yadda kamfani ke karɓe gona: da fari wani zai zo da abu mai ƙafa uku ya leƙa, bayan wata biyu sai injin haƙa. Ga shi a kwanakin nan rediyo ba ta da zance sai sabuwar dokar da ta mayar da ƙasa hannun gwamnati. Gonar kuwa ba mu da ko guntuwar takarda a kanta. Mai unguwa ne ya nuna wa Baba wurin da sanda, Baba kuma ya kwashe duwatsun wurin da hannunsa.

Mutumin ya yi sallama da irin Hausar bakin kasuwa, "Oga, alkama naka ya yi kyau." Ya ce yana da shagon hoto a gari, sha'awa ce kawai, mu tsaya a tsakiyar gona da laujenmu ya ɗauke mu. Ni har na gyara ɗankwali, don ban taɓa shiga hoto ba. Baba ya harare ni, ya kora mu duka bayan wata bishiyar turare, ya ce wa mutumin shi ɗan ƙodago ne, bai ma san mai gonar ba. Na ji haushi har na yi kuka. A ranar aka gama yankan da aka shirya yi a kwana uku, wai kada injin ya riga mu.

Bayan mako biyu mutumin ya komo da hoton, kyauta. Ya nemi sunan Baba don ya rubuta a baya, da kwanan wata da hatimin shagonsa. Baba ya ce, "Ka ji ko? Yanzu kuma suna ake nema." Ya ƙi, sai mutumin ya miƙa mini hoton haka nan ya tafi. Inna ce ta karɓi hoton daga hannuna ta ɓoye a ƙarƙashin kwanukanta na jere.

Injin bai taɓa zuwa ba. Wanda ya zo, shekaru bayan rasuwar Baba, wani mai takarda ne da ya ce filin nasa ne. Muka ɗauki hoton muka kai wurin shari'a, aka jujjuya shi, aka tambaye mu wane ne namu a ciki. Alkama ce kawai da ruwa da duwatsu.

Yanzu gidajen bulo ne a wurin, an cike ramin da shara. Hoton yana ɗakina, kuma in na dube shi gefen hagu nake kallo, inda takardar ta ƙare. Taku uku daga nan Baba yake tsaye, yana tsare mana gonarsa.